Wane shinge ne zai jure damshin fadamar Gulbi?

Mai lambu daga unguwar Zariya ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san gini da waɗanda suka daɗe suna noma a fadama. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar lambu a fadamar Gulbi, tsakanin Maraɗi da Jiratawa, tsawonsa mita 50, faɗinsa mita 40, kuma da aka yi rabon gado shi ne ya faɗo a kasona. Akwai mangwaro bakwai da ƴan itatuwan gwaba da rijiyar siminti guda, sauran wurin kuwa ina da niyyar in cika shi da zogale da kayan miya. Abin da ya gagare ni har yau shi ne shinge.

Tun muna yara darni ake yi da karan dawa, a tokare shi da ƙaya, kuma kowace shekara sai an sake, domin damina ɗaya take gamawa da shi. A ranin 2022 na ce bari in huta da wannan wahala, na sa aka ja katangar ƙasa a gefen gabas, aka shafe ta da siminti ciki da waje. Damina ta farko ta tsaya lafiya. A ta biyu simintin ya fara ɓamɓarewa daga gindi kamar ɓawon dafaffen rogo, a ruwan ƙarshen watan Agusta na 2024 kuwa sai ta kwanta gaba ɗaya a kan dashen gwaba. Gefen kudu na sa giriyaji, wato ragar waya, da turakun dogon yaro, amma turakun sun ruɓe daidai inda suka shiga ƙasa, har na kama ɗaya da hannu ɗaya ya karye, alhali samansa garau yake. Wayar da ke taɓa ƙasa ta yi ja da tsatsa ta tsittsinke, kuma ta nan awakin maƙwabta suke shigowa.

Ƙasar wurin baƙar laka ce, da rani takan tsattsage har ƙafar yaro ta iya shiga, da damina kuma ruwa yakan kwanta kwana biyu ko uku a kusurwar arewa maso yamma. Da kaka ruwan rijiyar bai wuce gaba biyu ba. Ƙanena da ke fatauci a Kwatano ya ce in daina ɓata kuɗi, in kewaye wurin da bulo na siminti kamar yadda ake yi a can, tun da can ma damshi ne kuma katangu suna tsaye. Kafin in zuba abin da na tara, ina so in ji daga bakin masu sani ko wannan ce mafita, ko kuwa akwai abin da ya fi dacewa da irin wannan ƙasa. Na gode.

Tsohon magini daga Bagalam ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya jiƙan mahaifi, ya sa albarka a abin da ya bari. Na fi shekara 30 ina riƙe da cokalin gini, kuma na tashi katangu da dama a fadama, wasu suna nan, wasu na ga faɗuwarsu da idona, don haka zan faɗa maka abin da na gani.

Ba ruwan da ke sauka daga sama ba ne ya kayar da katangarka, domin da shi ne da samanta zai fara lalacewa. Ruwan da ke ƙasa ne ya hau ta, kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila. Tubalin ƙasa da bulo na siminti duk suna da ƙananan kafofi da ido ba ya gani, kuma idan gindin katanga yana zaune a ƙasa mai damshi, ruwan yakan bi waɗannan kafofi ya hau har gwiwar mutum, wani lokaci har ƙugu. Yana hawa ɗauke da kanwa da gishirin da ke cikin ƙasa, idan ya bushe sai ya bar su a cikin katangar, su kuma su riƙa tsattsaga ta daga ciki, shi ya sa kake ganin farin gari a gindin tsofaffin katangu, idan ka shafa da yatsa ya zubo. Da ka shafe katangar ƙasa da siminti sai ka toshe wa damshin hanyar fita, ya taru a tsakanin laka da siminti har ƙasar ta yi laushi kamar tuwon da ya kwana, simintin kuma ya rabu da ita. Iyayenmu da makuba suke shafe gini, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, domin tana korar ruwan sama amma tana barin katanga ta yi numfashi. Duk da haka ban taɓa ganin sun dogara da ginin ƙasa a inda ruwa ke kwanciya ba. Ka tuna cewa tsohon garin Maraɗi a cikin fadamar yake, kuma ambaliyar 1945 ce ta sa aka tashe shi aka hau da shi tudu. Abin da ya kori gari guda ba zai ji kunyar katangar lambu ba.

Yanzu ga maganar bulo. Kewayen lambunka mita 180 ne. Idan katangar za ta kai mita 2, kowace murabba'in mita tana cin bulo 12 da rabi, ka ga kenan bulo 4,500 kake nema. Ni ba na yarda a fitar da fiye da bulo 35 daga buhun siminti mai kilo 50, wanda ya ce zai fitar maka da 50 yashi zai sayar maka. Wato bugun bulo kaɗai zai ci buhu kusan 130, ba a yi maganar harsashi ba, ba a yi maganar ƙarfe da ginshiƙai da ɗaurin sama da na ƙasa ba, wanda muke cewa shenaj, ba a kuma yi maganar kuɗin aiki ba. Ko da kana da wannan kuɗi, akwai abu biyu da za su yi maka gardama. Baƙar laka tana kumbura da damina ta ɗaga harsashi, da rani ta tsuke ta sake shi, kuma doguwar katanga ba ta iya bin wannan motsi sai ta tsage. Na biyu ya fi muni: katanga mai toshewa a fadama madatsar ruwa ce. Ranar da Gulbi ya kawo, ruwan zai taru a bayanta yana turawa, ita kuma kaurinta santimita 15 ne, babu abin da ya tokare ta ta ciki. Idan ma ta tsaya, to ruwan da ka tare gonar maƙwabcinka zai shiga, ka sayi rigima da kuɗinka.

Shawarata ita ce ka nemi shingen da ruwa zai ratsa ya wuce, ka kashe kuɗinka a kan ƙafarsa. Ka sa a zuba maka turakun kankare, kaurin santimita 12 a kowane gefe, tsawon mita 2 da ɗan ƙari, da sandunan ƙarfe 4 masu lamba 6 ko 8, wato kaurin milimita 6 ko 8, a ciki. Haɗin shi ne buhun siminti ɗaya, baro ɗaya na yashin Gulbi mai tsabta, baro biyu na tsakuwa, kuma kada a cika ruwa. Abin da aka fi yin sakaci da shi shi ne nisan ƙarfen daga fatar turken: a bar aƙalla santimita 3 na kankare ya rufe shi ta kowane gefe, in ba haka ba damshi zai iske ƙarfen, ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa turken daga ciki. A binne santimita 60 a ƙasa, a bar mita 2 da rabi tsakanin turke da turke, wanda zai ba ka turaku 72, na kusurwa kuma a yi musu madogari ta gefe biyu. Gara ba ta cin kankare, ruwa ba ya ruɓar da shi. Wayar da za a ɗaura kuwa, wannan na bar wa masu sayar da ƙarfe, sun fi ni saninta.

Mai shagon kayan ƙarfe a Babbar Kasuwa ya rubuta:

Baba magini ya gama magana a kan gini, ni kuma zan ɗora a kan ƙarfe, tun da shi nake saye nake sayarwa, kuma na yi shekaru ina zuwa Kwatano ɗauko kaya. Malam, ƙanenka bai yi ƙarya ba cewa can akwai damshi, amma damshin can da na nan ba ɗaya ba ne. Ruwan da ke sauka a Kwatano a shekara ya ninka na Maraɗi fiye da sau biyu, damina biyu suke yi, kuma iskar teku tana ɗauke da gishiri dare da rana, shi ya sa ƙofar ƙarfen da ba a kula da fentinta ba take rarakewa tun daga sama har ƙasa. Wannan ne ya sa mutanen can suka fi son bulo, ga shi kuma yawancin ƙasarsu rairayi ce, ba ta kumbura kamar lakar fadama. Mu nan damina ba ta wuce wata huɗu, da hunturu ya shigo komai ya bushe ƙayau, don haka ƙarfen da ke tsaye a iska yakan daɗe ƙwarai. Inda yake mutuwa shi ne taƙi ɗaya sama da ƙasa da taƙi ɗaya a cikinta, inda laima da iska suke haɗuwa, daidai wurin da turakun dogon yaronka suka karye.

Giriyajin da ke kasuwa duk ana ce masa galba, wato an lulluɓe wayar da tutiya don kada ta yi tsatsa, amma lulluɓin iri biyu ne. Akwai wanda aka tsoma wayar a cikin narkakkiyar tutiya, shi ne mai kauri, launinsa toka-toka ne, ba ya ƙyalli sosai. Akwai kuma wanda aka shafa da lantarki, siriri ne ƙwarai, yana walƙiya kamar sabon kwano, kuma shi masu saye suka fi ɗauka domin ya fi kyau a ido ya kuma fi sauƙin kuɗi. Ina kyautata zaton irinsa ka sa a gefen kudu. Araha ba ta ado. Idan ka je saye, ka nemi a yanko maka guntun waya ka naɗe ta a jikin ƙusa, idan lulluɓin ya tsage ko ya ɓare ka bar ta. Idan kana da haƙuri, ka karɓi guntaye daga shaguna biyu ko uku, ka ƙunshe su a tsumman da ka jiƙa da ruwan gishiri, ka duba bayan mako biyu, wanda ya riga yin ja shi ne zai riga mutuwa a lambunka. Kaurin wayar kada ya gaza milimita 2 da rabi, kuma ka sa a auna a gabanka, kada ka dogara da abin da aka rubuta a takardar naɗin. Naɗi ɗaya mita 25 ne, don haka takwas za su ishe ka har a samu saura. Mai rigar roba kore ɗin nan ban cika ba da shawararsa ba a ƙasarmu, domin rana tana busar da robar ta tsage, ruwa ya shiga ya kwanta a ciki, wayar ta ruɓe kana ganin kore a waje kana zaton lafiya.

Idan ka ga turakun kankare sun yi maka nauyi ka koma ga ƙarfe, to ka ɗauki korniya, wato ƙarfe mai kusurwa, mai faɗin milimita 40 ko 50, kada ka ɗauki bututu, domin bututu yana tara ruwa a cikinsa ya ci kansa daga ciki sai dai in an toshe bakinsa da kyau. A zuba wa ƙafar kowanne kankare ya fito sama da ƙasa kamar taƙi guda, a yi masa doro yadda ruwa zai zame. Duk inda aka yi walda, wuta ta ƙone kariyar wurin, sai an goge an shafa fentin hana tsatsa kafin a yi na sama. Wani ƙaramin abu da ke lalata babban aiki shi ne wayar ɗauri: yaran aiki sukan ɗauko baƙar wayar da magina ke ɗaure ƙarfe da ita, ita kuwa damina ɗaya take yi ta tsinke, giriyajin ya saki. A ja waya mai kauri layi uku, sama da tsakiya da ƙasa, a ɗaure da waya mai galba, kuma kada giriyajin ya taɓa ƙasa ko kaɗan.

Tsohon ma'aikacin gandun daji daga Ali Ɗan Sofo ya rubuta:

Na karanta bayanin malamai biyu da suka gabace ni, kuma ban ga kuskure a ciki ba, sai dai dukansu suna neman abin da zai jure damshi ne, ni kuwa ina ganin ya kamata Malam ya nemi abin da damshin zai ciyar da shi. Ƙasar da ke ruɓar da turke ita ce ke raya itace. Siminti da waya tun ranar da aka kafa su suke fara tsufa, shingen itatuwa masu rai kuwa kowace damina ƙara ƙarfi yake yi.

Amma ba kowane itace ba ne. Mutanenmu da an ce shinge mai rai sai su kawo aguwa, domin ita suka saba gani a bakin gonaki da burtali, ana yanko reshenta a dasa a ƙarshen rani ta kama, dabbobi kuma ba sa cinta. Aguwa ta jigawa ce, jikinta cike yake da ruwa, idan ta kwana biyu ƙafarta a cikin ruwa sai ta ruɓe, haka ma itacen dashi. A kusurwar da ka ce ruwa yana kwanciya, bagaruwa ce ta dace, domin ita ce kake gani a bakin tafkuna, ruwa ya sha gindinta makonni ya janye ta ci gaba da rayuwarta. Inda ƙasar ta ɗan fi tudu, ka haɗa magarya da jirga. Iri na bagaruwa yana da tauri, sai an zuba masa ruwan zafi an bar shi ya kwana kafin a shuka a leda, wajen watan Afrilu, a dasa a watan Yuli idan ruwa ya zauna. A yi layi biyu, rabin mita tsakanin dashe da dashe, na layi na biyu ya faɗa a tsakanin na layin farko. A shekara ta biyu a sare kansu daidai gwiwa. Mutane da yawa ba sa iya wannan, suna jin tausayin itacen da suka raina, sai su bar shi ya miƙe, ya zama bishiya mai inuwa a sama da ƙofa a ƙasa, akuya ta wuce ba tare da ta sunkuya ba. Saran nan shi ke sa ya yi rassa daga gindi su sarƙe da juna. Ribar ba ta tsaya ga tsaro ba, domin majema suna sayen ƴaƴan bagaruwa don jimar fata, kuma abin dariya shi ne jar akuyar Maraɗi da kake korar ta daga lambu, da bagaruwar shingenka za a jeme fatarta wata rana.

Gaskiyar da ba zan ɓoye ba ita ce shingen nan ba ya tsare komai sai bayan damina uku, kuma kafin nan shi kansa yana bukatar tsaro. Don haka ban ce ka bar giriyaji ba. Ka kafa shi, ka dasa itatuwan ta ciki da tazarar mita guda, yadda ranar da wayar za ta gaji ba za ka sake sayen wata ba.

Game da turakun itace, dogon yaron da aka sayar maka ƙananan rassa ne, kusan dukansu farin jiki ne, zuciyar itacen mai tauri ba ta yi ba tukuna, ita ce kuwa ke jure gara da ruɓa. Itatuwan da suka yi suna wajen daɗewa a ƙasa su ne ƙirya da azarar giginya irin wadda ake kawowa daga yankin Gaya, amma duka biyun doka ta kare su, ba a sara sai da izinin gandun daji, kuma ƙirya ta yi ƙaranci ƙwarai a yankinmu. Wasu sukan babbake gindin turke a wuta ko su jiƙa shi da baƙin man mota. Babbakar tana ɗan taimakawa, baƙin mai kuwa ba zan yarda da shi ba a wurin da ruwan rijiya yake gaba biyu, kuma da ruwan ake ban-ruwan abin da mutane za su ci. Abu na ƙarshe, kafin a haƙa rami ko ɗaya ka kira maƙwabtanka da mai gari su tsaya a kan iyaka, in da hali a rubuta a hukumar filaye ta ƙaramar hukuma, wadda ake kira Kofo, domin darni ana iya gusar da shi idan an yi kuskure, turken kankare da bagaruwa kuwa sun zauna kenan.

Mai lambun zogale a Jiratawa ta rubuta:

Malam, ni mace ce, ban san lissafin siminti ba, amma shekarata 14 ina yankan zogale a wannan fadama, kuma ina da gyara a kan maganar Baba na gandun daji, tare da girmamawa. Bagaruwa tana tsare dabba, wannan gaskiya ne, amma a lambu ƙarami kamar naka tana da cuta. Saiwarta tana shiga cikin fangali ta sha ruwan da ka biya kuɗin mai ka jawo, inuwarta tana hana layi biyu na farko yin kyau, ƙayarta kuma tana zuba inda mata da yara ke tafiya babu takalmi. Ga tsuntsaye da ke samun wurin sheƙa. Maƙwabcina ya kewaye nasa da ita, yanzu kowace shekara sai ya yi hayar mai gatari. Ni lalle na dasa a gefe uku. Yana son damshi, yana yin duhu idan ana aske shi, ba ya yin tsawon da zai rufe rana, kuma ganyen da na aske ina shanyawa in daka in sayar, ga sallah ga bukukuwa ba ya kwantai. Ka bar bagaruwa a kusurwar da ruwa ke kwanciya kawai.

Akwai kuma abin da babu wanda ya ambata. Ranar da ruwa ya zo da ƙarfi, ba shi kaɗai yake zuwa ba, yana tafe da kara da ledoji da rassan itace, su manne a jikin giriyaji su toshe idanunsa, shi ke nan ya zama katanga, ruwan ya kwantar da shi har da turakun. Haka ya faru da ni, na zo da safe na iske kamar mita 10 a kwance, an lulluɓe shi da shara kamar an shimfiɗa tabarma. Tun daga nan, a daidai hanyar da ruwa ke shiga da inda yake fita na sa aka yi mini giriyajin a kan ƙugiya, idan Agusta ta kama sai mu naɗe shi mu bar wayar ƙaya layi huɗu, lokacin kuwa dabbobi a ɗaure suke saboda shuka. Da kaka mu mayar. Maganar ɓarawon mangwaro kuwa, babu shingen da ke hana shi, sai mai gadi.

Mai lambu daga unguwar Zariya ya rubuta:

Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba magini da Alhaji mai shagon ƙarfe da Baba na gandun daji da Hajiya mai zogale. Na je lambun jiya da yamma na duba ragowar katangar da ta faɗi, na ga farin garin nan da Baba ya faɗa a jikin tubalan ƙasa, na kuma lura cewa ta faɗo ne ta ciki, wato daga waje aka turo ta. Na fasa maganar bulo, kuma na kira ƙanena na yi masa bayani, ko da yake bai gamsu ba tukuna. Abin da na tsayar shi ne turakun kankare da giriyaji mai kauri, lalle a gefe uku, bagaruwa a kusurwar ruwa, da ƙofar ruwa irin ta Hajiya. Kuɗin da ke hannuna ba zai kai duka a bana ba, don haka zan fara da kudu da gabas inda dabbobi ke shigowa, sauran a yi darni na shekara ɗaya. Tambayar da ta rage mini ita ce: idan giriyajin bai taɓa ƙasa ba kamar yadda Alhaji ya ce, me zai hana ƴan awaki bi ta ƙarƙashi? Kuma wane wata ya fi dacewa a zuba turakun?

Tsohon magini daga Bagalam ya rubuta:

Malam, tsakanin turke da turke ka jera bulo cikakke, marar rami, layi ɗaya tak, rabinsa a binne rabinsa a waje, kuma bayan kowane bulo uku a bar tazarar yatsa huɗu don ruwa ya wuce. Giriyajin ya sauko ya tsaya yatsa biyu sama da bulon, a ɗaure shi da wayar layin ƙasa. Ɗan akuya ba zai samu wurin cusa kai ba, wayar kuma ba ta kwana a laka ba, idan ƙasa ta motsa bulo ɗaya ya goce, da hannu za ka gyara shi.

Turakun kuwa ka zuba su a watan Nuwamba ko Disamba, a ƙarƙashin mangwaron nan naka, kusa da rijiya. Iskar hunturu tana shanye ruwan kankare kafin ya kama, don haka a rufe su da tsofaffin buhunan algarara ko tabarmi, a jiƙa safe da yamma har kwana 7 ba fashi, kuma kada a ɗaga su zuwa rami sai sun cika kwana 28, domin a lokacin ne siminti yake kai ƙarfinsa. Ramukan a haƙa su tun ƙasar tana da sauran laima, in ka bari har watan Maris lakar nan sai da diga. Ka tsaya da kanka ranar da za a zuba na farko, ka ga an sa ƴan tsakuwa a ƙarƙashin ƙarfen sun ɗaga shi daga katakon, domin idan ka juya baya yaran za su kwantar da shi a ƙasa su zuba a kai.